Kalandar da Na Ce Gani Kawai Zan Yi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kwamfuta ta tona mini asiri a gaban uwar mijina ba. Har yau in na bi ta layin masu buga takardu da ke bayan Taminus a nan Jos, sai in ji fuskata ta ɗau zafi, in ƙara jan mayafi, kamar wani zai leƙo daga cikin shago ya ce, "Ga ta nan, ita ce." Babu mai leƙowa. Shagon ma ya tashi tuni, masu takalman gwanjo ne a ciki yanzu. Ni ce dai kunyar ba ta tashi daga jikina ba.

Ni ba mai karatu ba ce. A aji huɗu na firamare na tsaya, Hausa nakan karanta ta a hankali ina bi da yatsa, Turanci kuwa sai dai mu gaisa daga nesa. Maigidana kafinta ne a Katako, ƙofofi da tagogi yake yi, kullum ya dawo da garin katako har cikin kunne. A can kusa muke haya. Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, tana wajen Naraguta, a tsohon gidan da marigayi mijinta ya gina tun yana aikin kuza. Bayan gidan akwai gonakin kabeji da karas, in ka wuce su kaɗan sai kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Ruwan kore shar, ba ya motsi, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya san zurfinsa ba.

A lokacin ina da ɗa ɗaya, ɗan fari, ya kusa isa yaye. Sunan kakansa aka sa masa, mijin Inna, don haka kowa Abba yake ce masa. Ni ko Abban ba na faɗa. "Yaron nan" nake cewa, in a gaban Inna ne kuma in ce "ɗan naki". (Na san 'yan matan yanzu suna kiran ɗan fari gatsau, har su cilla shi sama su cafe a gaban suruka. Mu ba haka aka tashe mu ba.) Kuma ba yabon kai ba, na iya kara. In ya faɗi a gaban mutane, sai in kau da kai ina gyara ɗankwali, alhali hanjina ne ya faɗi tare da shi. In ya yi abin dariya, sai in haɗiye tawa. Shi kansa "Anti" yake ce mini, don haka ya ji ƙanwar babansa tana kirana. Inna har yabona take yi a gaban baƙi. "Yarinyar nan akwai kara," in ji ta, "ka rantse ba ita ta haife shi ba."

Wannan yabon ne ya kusa cinye ni.

Ana shirin bikin Rabi, autar Inna, sai wata rana muna tankaɗe Inna ta ce, ba tare da ta ko dube ni ba, "In an kai Rabi ɗakinta zan ɗauke Abba. Daga yaye ya zauna ke nan, shi zai ɗebe mini kewa." Na ce, "To, Inna." Me zan ce? Wadda aka yi wa shaidar kara ba ta da wata amsa sai "to". Da na gaya wa maigida, cewa ya yi, "Ai gida ne." Na san gida ne. Amma yaron nan in ya ga ruwa, ko na baho ne, sai ya kwasa da gudu yana dariya. Tun daga ranar, in na rufe ido koren ruwan nan nake gani. Tuwo ya daina wuce mini. Na shiga ɗaura masa zare a hannu ina aunawa ko ya rame, alhali ni ce nake ramewa.

To, ga yadda kalanda ta shigo cikin zancen. A bikin yayar Rabi an buga kalanda don raba wa 'yan biki, kuma ba wanda ya ga yadda za ta fito sai da aka kawo ta ɗauri-ɗauri ana gobe ɗaurin aure. Aka kwance, sai ga amarya koriya kamar ganyen kabeji, ango kuma an yanke masa kunne ɗaya. Mai bugawa ya ce abin da ya hau inji ya hau. Haka aka raba ta, mutane suka yi ta shimfiɗa ta a kanta suna jera kwanuka a kai. Inna ta daɗe tana jin ciwon abin. Ta ce a bikin autarta ba za a buga ko hankici ba sai idonta ya gani.

Maigida ne ya samo mafita. Akwai wani Inyamuri da ya yi wa ƙofar shago, shi da matarsa suna buga takardu. Da can littattafai da biro suke sayarwa a cikin babbar kasuwa, da gobara ta cinye kasuwar suka tattara abin da ya saura suka sayi inji. Maigida ya ce suna da kwamfuta mai nuna maka abinka tsaf tun ba a buga ba. Aiki ya yi masa yawa a makon, sai ya miƙo mini ambulan ɗin hotunanmu ya ce in kai, su shirya, daga baya Inna ta zo ta zaɓa.

Na goya yaron na tafi.

Shagon siriri ne, yana warin tawada da man inji. Can ciki injin yana ta bugawa kamar ana sussuka, mijin na tsaye a kansa. A gaba kuma tebur ne, a kai ga kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya, an yi mata rufi da ƙyalle mai ado kamar amarya. Matar da ke zaune a gabanta ƙatuwa ce, fara'a har kunne. A Jos aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai mace da namiji duk ɗaya ne a wurinta.

"Sannu da zuwa, kwastoma! Ni Mama Obinna. Kai Mama wa?"

Na ce, "Matar kafinta ce."

"Na san kafinta. Yaro nake tambaya. Mene ne sunansa, in kira ka da shi?"

Na sunkuyar da kai na ce ai sunan manya ne. Ta kalle ni, ta kalli goyon, ta yi dariya ta ce mu Hausawa ba ma ƙarewa da abin mamaki. Ita tun ranar da ta haifi Obinna ba wanda ya sake kiran sunanta na yanka, kuma ta ce ranar ce ta zama mutum.

Ta karɓi hoton Rabi da na angon, ta kifa su a cikin wani abu mai murfi, haske ya bi ta ƙarƙashi a hankali. Kafin in gyara tsayuwa sai ga Rabi a gilashin kwamfuta tana murmushi. Mama Obinna ta riƙa tura wani ɗan abu a kan tebur tana dannawa. Furanni suka kewaye Rabi. Watanni suka jeru a ƙasanta. Ta danna, bayan hoton ya koma ruwan hoda, ta sake dannawa ya koma shuɗi. Ta nuna mini yadda zai zauna a bangon jota, da kan hankici, har da jikin kofi, fuskar Rabi ta lanƙwasa ta bi kofin kamar yana hannunka.

 Na ce, "Wayyo, har kin buga? Ai Inna ba ta gani ba!"

"Ba a buga komai ba. Wannan gani ne kawai. Gani kyauta ne. Ka ce a canja, in canja sau ɗari. Sai ka ce e, kafin oga ya ɗora a inji. In ya hau inji, shi ne ba dawowa."

Gani kyauta ne. Ku riƙe wannan maganar, don ni na riƙe ta fiye da yadda ya kamata.

Ambulan ɗin da maigida ya ba ni shi ne wanda muke tara duk hotunan gidan a ciki. Tana mayar da na Rabi sai wasu suka zubo. Akwai na yaron da aka ɗauka da sallah, yana zaune a kujerar mai hoto ya ƙwalo ido. Akwai nawa na wani suna, ina zaune na ɗora hannu a kan tulun furen roba.

"Ina wanda kuke ku biyu?" in ji ta.

Na ce babu.

"Babu? Ko ɗaya?" Ta nuna mini bango. Ita da Obinna yana jariri, ita da Obinna da kayan makaranta, ita da Obinna a coci, ta rungume shi kamar za a ƙwace. Ta girgiza kai. "Zauna. Zan haɗa ku."

Da na ce a'a, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma shagon ba kowa, injin yana ta ƙara, yaron ya yi barci a bayana. Na zauna a bakin benci.

Ina kallo ta zagaye ni ta ciro ni daga hotona kamar an yanka da reza. Ta cire tulun furen, hannuna ya saura a sama ba komai a ƙarƙashinsa. Ta ɗauko yaron daga kujerar mai hoto, ta ja shi a hankali, ta zaunar da shi a cinyata, daidai inda hannun zai sauka a kafaɗarsa. Sai ga ni riƙe da ɗana. A fili, da rana tsaka, ina kallon mutane, ba na gyara ɗankwali. Ban taɓa ganin kamar da muke yi ba sai ranar. Ashe goshinmu ɗaya.

Ta sa mana wani kyakkyawan tafki a baya, da bishiyoyi. Ban san lokacin da na miƙe ba. "Cire ruwan! Don Allah cire ruwan!" Ta dube ni da mamaki, ta cire, ta sa duwatsu irin namu na Jos da sararin sama.

"To, me za a rubuta a ƙasa?"

Na waiga ƙofa. Na ce, "Gani ne kawai, ko?"

"Gani ne kawai."

Sai na faɗi sunan. (Ko a nan ba zan rubuta shi ba, kada ku sa rai.) Tun da aka raɗa masa shi ban taɓa ɗora shi a harshena ba, ya yi mini nauyi kamar na ɗauki turmi da baki. Ta ce ba ta ji ba saboda inji, sai da na maimaita da ƙarfi. Da ya fita sau biyu kuwa, sai bakina ya ɓalle. Na ce ta ƙara "sanyin idona". Ta ƙara, ina gaya mata baƙaƙen. Ta ce shi ke nan? Sai abin da nake ɓoyewa tun ranar tankaɗen nan ya fito da kansa. Na ce ta rubuta, "Nawa ne, ba na bayarwa."

Ta rubuta da manyan baƙaƙe ruwan zinare. Na bi da yatsa na karanta, na sake karantawa, har gilashin ya dishe mini don hawaye. Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Kwamfuta ta yi ɗif, injin ya yi shiru, oga ya fito yana faɗa zai ta da janareta. Ni kuwa na sauke ajiyar zuciya. A sanina, abin da ke cikin gilashi kamar shirin talabijin ne, in wuta ta tafi ya tafi ke nan. Na faɗi abin da ke raina, duhu ya haɗiye shi, ba wanda ya ji sai Inyamura, ita kuma ba ta san nauyinsa ba. Na share ido, na yi mata godiya, na fito ina jin kaina sakayau. Har gasasshiyar masara na saya a hanya, abin da rabona da marmarinsa tun kafin maganar yaye.

Ranar zaɓe muka zo mu uku, ni da Inna da Rabi, ga yaron a hannun Rabi. Inna ta sha lulluɓi, ta ɗauko gilashin idonta wanda ba ta sa shi sai za ta tsince shinkafar baƙi. Akwai wasu maza biyu a benci suna jiran aikinsu, suka gaishe ta. Mama Obinna ta ba ta kujerarta ta kanta.

Inna ta yi aikin da ya kawo ta, ba wasa. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi.

"Ƙara mata haske kaɗan. Kaɗan na ce, kada ki mai da ita Baturiya, dangin miji su ce an canja musu."

"Inna, ni dai a rage mini kumatu," in ji Rabi.

"Kumatun da kika tara da dankalina? A bar mata abinta. Juyo mini angon in ƙirga kunnuwansa."

Mazan nan suka yi dariya. Inna ta sa aka canja furanni, aka canja su kuma, aka dawo da na farko. Ta ga jota, ta ga hankici, ta ga kofi. Ta jingina da kujera ta ce, "Ikon Allah. A ga abu tun bai zo duniya ba." Daga nan ta ce e, a buga. Ina tsaye a bayanta ina jin daɗi, don ni na kawo aikin kuma ya yi kyau. Har ta dafa tebur za ta tashi.

"Mama, tsaya," in ji Mama Obinna. "Ba ka ga wanda ya fi duka kyau ba."

Ta danna.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kun san in kina tsaye a bakin rijiya guga ya suɓuce, kina ji igiyar tana gudu a tafin hannunki? Haka. Ga ni nan cike da gilashi, ga hannuna a kafaɗarsa, ga duwatsu, ga ruwan zinare. Kuma baiwar Allah ba ta bar shi yadda na bar shi ba. Don ta faranta mini, ta zauna ta ƙara masa aiki. Ta jera masa watanni ya zama kalanda sosai, ta ɗora mu a kofi, ta ɗora mu a gaban riga. Tana dannawa muna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ni da rashin kunyata, a kan kowane irin kaya.

Yaron ya miƙa hannu yana zillo. "Anti! Anti da Abba!"

Inna ta koma ta zauna. Ta gyara gilashin ido. "Me aka rubuta a ƙasa?"

Rabi abokiyar wasata ce, kuma Allah ya ba ta abin da take nema. Ta gyara murya kamar mai sanarwa a rediyo. Ta karanta sunan, sunan mahaifinta, wanda Inna kanta ba ta taɓa faɗa ba har ya koma ga Allah. Ta karanta "sanyin idona" tana jan shi. "Iye! Matar Yaya! Ashe ruwan sanyi ne ke tafasa a ƙasa? Sanyin idona! Wayyo ni, a riƙe ni!" Ta ci gaba da dariyarta, "Nawa ne, ba na..." Sai muryar ta mutu. Ta ƙarasa kalmar ƙarshe can ƙasa, don ta riga ta shiga ba ta da hanyar fita.

Ba wanda bai san da wa ake ba. Ko mazan nan da ba su san mu ba sun sunkuyar da kai.

Ni kuma me na yi? Da mai hankali ce da ta durƙusa ta ba da haƙuri. Ni fizge mayafina na yi na lulluɓe kwamfutar, na rungume ta ta baya kamar mai kashe gobara, na tsaya daga ni sai ɗankwali a gaban maza baƙi. Kuma na buɗe baki na ce, "Ba ni ba ce."

(Fuskata ce fa. Da goshina da komai.)

Da na ji abin da na faɗa, sai na gyara da wanda ya fi shi muni. "Inna, gani ne kawai. Ba a buga ba. Gani kyauta ne." Na juya wurin Mama Obinna. "Ba ya mutu ba? Ai a gabana aka ɗauke wuta!"

"Ya mutu yaya? Ni da na san halin wutar garin nan? Kowane abu ina yi ina ajiyewa a ciki." Ta dubi Rabi, ta dubi Inna, fara'arta ta soma zubewa. "Na yi laifi ne? Uwa da yaronsa ne fa. Mene ne a ciki?"

 Can ciki oga ya tsayar da inji don ya ji abin da ke faruwa. Ina tsaye ina lissafin abin da na jawo. Na kira sunan surukina, na yi wa uwar mijina tsawa da ruwan zinare, yabon da ta yi ta yi mini a gaban baƙi na mai da shi ƙarya. Yanzu ko da tana da niyyar tausaya mini, dole ta ɗauke yaron, don kada a ce suruka ta faɗa ta bi.

"Ɗauke mayafinki ki rufe jikinki," in ji Inna.

Na ɗauke. Muka sake bayyana.

Ta daɗe tana kallo. Ba ta kalli rubutun ba, tunda ba ta karanta boko. Wajen hannun nan take kallo, inda ya sauka a kafaɗa. Can ta ce wa Mama Obinna, "'Yar nan, in babu hoto fa? Abin naku yana iya nuna mutum?"

"Sai da hoto, Mama. Ko ƙarami, ko ya tsufa, zan gyara. Amma sai da hoto."

"To," in ji Inna.

Rabi ta ce, "Wa za a nuna, Inna?"

Inna ba ta juyo ba. Da gilashin take magana. "Kafin wanda kuke ce wa babban yaya, akwai wani. Da ya isa yaye uwar mijina ta ɗauke shi ta kai ƙauye. Baƙon dauro ya shiga garin. Sai da aka rufe shi aka aiko. Ɗan aiken ya same ni ina daka, gida cike da mata, kowa ya zuba mini ido. Sai na ci gaba da dakana." Ta cire gilashin ido ta goge da bakin lulluɓi. "An daɗe ana ba da labarina, wai ba a taɓa ganin mai kara irina ba. Ban taɓa kiran sunansa ba. Yanzu ko fuskar in na nema ba ta zuwa."

Rabi ta rufe baki da hannu. Ita ma ranar ta fara ji. Mama Obinna ta yi alamar gicciye a ƙirji tana share ido. Ɗaya daga cikin mazan ya ce, "Allah ya sa mai ceto ne, Hajiya." Muka ce amin.

Inna ta mai da gilashinta. Muryarta ta dawo irin ta ɗazu, ta mai ƙirga kunnuwan ango. "Wannan, buga mini guda ɗaya. Kalandar. Ban da kofi, ban da riga, ba hauka ake ba."

Mama Obinna ta ce guda ɗaya ba sai ya hau babban inji ba, akwai ƙarami a nan gefe, yanzu zai fito. Na matso na durƙusa. Na ce, "Inna, don Allah a cire rubutun."

"A bar shi yadda mai shi ta faɗa."

Haka muka tsaya muna kallo takardar tana fitowa a hankali, duwatsu da farko, sai ɗankwalina, sai goshinmu, sai ruwan zinaren daga ƙarshe. Inna ta naɗe ta da kanta ta sa a cikin lulluɓi.

Sai da muka fito bakin titi muna jiran tasi, masu talla suna ta kai da kawo, ta yi mini magana, tana kallon wani gefe kamar yadda ta saba. "Yaye dai a wurina za a yi shi, wannan ba fashi. In ya manta nono ki zo ki ɗauki abinki. Ni ƙafata ba ta tsere da yaro mai son ruwa." Ta gyara lulluɓi. "Kin zaci ban ga yadda kike kallon kududdufin nan ba duk zuwan da za ki yi?"

Na buɗe baki, "to" ɗin da na saba ma ya ƙi fitowa. Tasi ta tsaya, muka shiga.

An yi biki, amarya ta fito da kalarta, ango da kunnuwansa biyu. An yi yaye, Inna ta sa aka yi wa ƙofar baya sakata sama inda hannun yaro ba ya kai, na je na ɗauko abina ya yi ɓul-ɓul. Rabi kuwa ba ta bar kowa bai ji ba, tun daga wajen kamu ta fara. Har yau in na shiga gidanta sai ta tashi tsaye ta ce, "A ba ta hanya, ga Ba-na-bayarwa!" 'Ya'yanta sun daɗe suna zaton sunana ke nan.

Kalandar tana ɗakin Inna, a bayan ƙofa, inda ba mai gani sai an rufe. Shekararta ta wuce tuntuni, duwatsun sun koɗe, ba ta yarda a cire ba. Ni dai har yanzu "yaron nan" nake cewa, abin da aka saba ba ya sakin mutum don ya ji kunya sau ɗaya. Da ya fara haɗa baƙi a makaranta, wata rana na same shi a bayan ƙofar yana bi da yatsa kamar yadda nake yi. Ya juyo ya ce, "Anti, wa ya rubuta wannan?"

Na gyara ɗankwali na ce, "Kwamfuta ce."

Inna tana kan sallaya, na ga kafaɗarta tana rawa.

Ban yi karatu mai yawa ba, amma ranar nan na fito da darasi guda. Kwamfuta ba talabijin ba ce, ba ta mantuwa, kuma ba wanda ya koya mata kara. In aka ce miki gani kyauta ne, kafin ki buɗe baki ki fara tambaya su wa da wa za su gani.